Littattafan Jean Plaidy kan matan da aka yi wa tambarin mugunta: wanne za ka fara saya?

Duk mai leƙa wajen masu gwanjon littattafan Turanci ya san irin ƙananan nobel ɗin nan da takardarsu ta koma ruwan ƙasa, bango da hoton mace cikin doguwar riga ta zamanin da, to idan ka ga an rubuta Jean Plaidy ko Victoria Holt ko Philippa Carr, duk mutum ɗaya ce. Sunanta na gaskiya Eleanor Hibbert, 'yar Landan, an haife ta 1906, ta rasu a 1993 cikin jirgin ruwan yawon shaƙatawa a tekun Bahar Rum. Ta rubuta littafi sama da 200, an sayar da kwafi fiye da miliyan 100, kuma kowane suna da irin kayan da take sayarwa a ƙarƙashinsa. Victoria Holt soyayya ce da ban tsoro a tsofaffin gidaje, ta fara shi a 1960, Philippa Carr labarin zuri'a ne kaka da jikoki, shi kuwa Jean Plaidy nan ne tarihi yake, sarakuna da matansu da makircin fada. Saboda haka abu na farko, kar ka ga Victoria Holt ka saya da zaton za ka samu labarin mutanen da suka taɓa rayuwa da gaske, yawancinsu ƙirƙira ce zalla, kuɗinka ka zubar in tarihi kake so.

Maganata a nan kan waɗanda ta rubuta ne game da matan da sunansu ya ɓaci, masu guba da 'yan damfara. Kuma akwai abin da ya kamata mai saya ya sani tun kafin ya zaro kuɗi, matan da suka fi suna a mugunta su ne shaida ta fi ƙaranci a kansu, waɗanda kotu ta kama dumu-dumu kuwa littattafansu ne ba a cika sani ba.

Mu fara da wanda kowa ke rugawa, Lucrezia Borgia. Littafi biyu ne, Madonna of the Seven Hills da Light on Lucrezia, duk na 1958. Ita 'yar Fafaroma Alexander na 6 ce, an haife ta 1480, an yi mata aure sau uku, na farko aka raba shi da hujjar wai mijin ba ya iya komai, na biyun aka shaƙe shi a 1500 kuma yayanta Cesare ake zargi, na uku ta tafi Ferrara ta zauna har ta rasu a 1519 bayan haihuwa. Labarin da ya yaɗu shi ne tana da zobe mai ɓoye guba. Babu wata shaida cewa ta taɓa kashe ko mutum ɗaya, ita ma Plaidy haka ta ɗauke ta, yarinya mai sanyin hali da uba da yaya suke juyawa yadda suka ga dama. To in muguwar mace ka zo nema gaskiya za ka ji haushi, mugayen littafin maza ne. Ni dai na ƙarshe nake sa shi a layi. Kuma akwai zargin nan na abin kunya tsakaninta da 'yan gidansu, wanda mijinta na farko ya fara yaɗawa da aka raba auren, ba littafin da za ka ajiye a falo yara su ɗauka bane.

Sai Catherine de Medici, wannan kam da nauyi, littafi uku: Madame Serpent 1951, The Italian Woman 1952, Queen Jezebel 1953. An kawo ta Faransa daga Italiya a 1533 tana shekara 14, aka aura mata ɗan sarki Henri, shi kuma zuciyarsa na wajen dadironsa Diane de Poitiers wadda ta girme shi da kusan shekara 20. Shekara goma Catherine ba haihuwa, fada na ta gulmar a sake ta, ga gorin wai 'yar 'yan kasuwa ce, sannan Allah ya buɗe ta haifi goma, uku a cikinsu suka yi sarauta. Wanda ya saba karanta littattafanmu na kishi zai ji kamar a gida yake, bambancin kawai ita Diane ko auren babu amma ita ke da gidan. Har ana ba da labarin Catherine ta sa an huda ƙasan ɗakinta don ta riƙa leƙen mijin da matar a ɗakin da ke ƙasa, ka ji fa inda kishi ya kai sarauniya. Littafin farko shi ya fi daɗi a ganina, don nan ne kake kallon yadda haƙuri da murmushin dole suke rikiɗa su zama wani abu daban, har 1559 da mashi ya soki Henri a ido wajen wasan dawakai ya mutu, mulki ya faɗo hannunta.

Na biyu da na uku sun fi shiga rikicin addini tsakanin Katolika da Furotesta, sunaye sun yi yawa, Henri kaɗai akwai wajen uku, in ba ka riƙe biro kana rubutawa sai kanka ya juye. A nan ne za ka haɗu da mutuwar Jeanne sarauniyar Navarre a 1572, wadda aka ce Catherine ta aika mata safar hannu mai guba, alhali da likitoci suka buɗe gawar ciwon huhu suka gani. Sai kisan kiyashin ranar Saint Barthélemy, 24 ga Agusta 1572, dubban 'yan Furotesta aka kashe a Paris kwanaki kaɗan bayan bikin 'yarta Margot, wannan kam da wuya a wanke ta tas ko da yake har yau masana na jayayya kan girman hannunta a ciki. Shawarata ka sayi na farko shi kaɗai tukuna, in ya kama ka sai ka nemi sauran. Kar ka fara da Queen Jezebel don sunan ya burge ka, tsakiyar magana za ka faɗa.

Wanda ni zan ce a fara da shi shi ne The Murder in the Tower na 1964. Littafi ɗaya ne, ka karanta ka gama, kuma matar ta aikata, ita da bakinta ta amsa. Frances Howard ce, 'yar manyan gida a Ingila zamanin Sarki James na 1, an yi mata auren ƙuruciya da mai sarautar Essex, ba ta son shi, idonta na kan Robert Carr ɗan gaban goshin sarki. Ta bi boka, wani Simon Forman, a kashe wa miji ƙarfi a janyo mata masoyi, sannan ta kai ƙara a raba auren wai bai taɓa kusantarta ba. Aka sa ungozomomi da dattijan mata su duba ta, ta shigo fuska a rufe, shi ya sa gari ya ɗauka cewa wata yarinya aka sako a madadinta. Abokin Carr, Thomas Overbury, shi ya tsaya kai da fata kan kada a yi wannan aure, sai aka yi masa ƙulli aka jefa shi kurkukun Hasumiyar Landan, aka riƙa aika masa kayan zaƙi da guba a ciki har ya mutu a Satumban 1613, a Disamba aka ɗaura aure aka sha biki. Bayan shekara biyu asiri ya tonu. Mutum huɗu aka rataye har da aminiyarta Anne Turner da shugaban kurkukun, ita kuwa uwar gayyar ta amsa laifi a 1616, aka yanke mata kisa, sarki ya yafe mata, a 1622 ta fito ita da mijin. Yaran aiki sun tafi lahira, masu gida sun koma gida. Wallahi in kana son labarin da ke da farko da ƙarshe da shari'a, nan kuɗinka zai fi yin amfani.

Akwai kuma The Queen of Diamonds, ta fara fitar da shi a 1958 da wani sunan, Ellalice Tate, daga baya aka sake buga shi da sunan Plaidy. Wannan ba jini, damfara ce tsantsa. Jeanne de la Motte ta shawo kan wani babban limamin coci, Kadinal Rohan, cewa ita ƙawar sarauniya Marie Antoinette ce, ta riƙa kawo masa wasiƙun jabu, har ta ɗauko wata karuwa mai kama da sarauniya suka gana da shi da daddare a lambun fadar Versailles a 1784. Da haka ya tsaya aka karɓo sarƙar wuya mai lu'ulu'u 647 bashi da sunan sarauniya, mijin Jeanne ya kwashe duwatsun ya kai Landan ya sayar. A 1786 aka yi mata bulala aka yi mata lalas da harafin V aka kulle ta, ta gudu Landan, a 1791 ta faɗo daga taga ta mutu. Sarauniyar da ba ta san hawa ba ta san sauka ba ita sunanta ya fi ɓaci. Matsalarsa samu, ba kullum ake cin karo da shi ba, in ka gan shi da sauƙin kuɗi ɗauke kawai.

Waɗanda ta rubuta da sunan Elbur Ford a farkon shekarun 1950 su ne na ainihin shari'o'in kisan kai na zamanin Sarauniya Victoria. Poison in Pimlico kan Adelaide Bartlett da aka zarga da kashe mijinta da maganin sa barci a 1886 kotu ta wanke ta, sai Such Bitter Business kan Constance Kent da ta kashe ƙaninta ɗan kishiyar uwarta mai shekara uku a 1860, ta amsa laifi bayan shekara biyar, ta yi 20 a gidan yari, ta rayu har shekara 100. Amma waɗannan na masu tara tsofaffin littattafai ne, farashinsu a intanet ba na mai neman abin karantawa kafin barci bane, bar su.

Batun Turancinta, mai sauƙi ne, gajerun jimloli, hira da yawa, wanda ya gama sakandare zai bi ba sai ya riƙa buɗe ƙamus ba. Inda take da rauni, tana maimaita magana, abu ɗaya sai ta faɗa maka sau uku, kuma tarihin da ta dogara da shi na shekarun 1950 ne, jita-jitar guba da yawa ta saka su don labari ya yi armashi. Nobel ne, kar ɗalibi ya kwafa ya kai wa malamin tarihi.

Wajen saye kuwa, na Catherine da na Lucrezia an sake buga su a 'yan shekarun baya, ana samunsu sababbi kuma akwai su a Kindle, wato na karantawa a waya ko na'ura, wanda da wannan tsadar dala ya fi sauƙi kan ka yi odar takarda kuɗin kawowa ya ninka kuɗin littafin. Na Lucrezia har akwai bugun da ya haɗa biyun a bango ɗaya, duba da kyau kar ka saya sau biyu. In na gwanjo ne, buɗe ƙarshen ka tabbata shafukan sun cika, ka ɗan lanƙwasa bayan ka gani ko gam ɗin ya bushe, don tsofaffin bugun aljihun nan kana buɗewa ganyen ke zubowa, kuma in mai kaya ya ce maka set ne na Catherine ƙirga ka ga uku ne kafin ka biya.