Wainar Indiya da na samu a wani lungu na Chennai

Duk wanda jinya ta kai shi Chennai, ya sauka a wajajen unguwar Thousand Lights, don Allah ya daina ɓarnar kuɗinsa kan biredi da shayin otal. Akwai wani ɗan gidan abinci a lungun bayan masaukinmu, wata dattijuwa ke riƙe da shi tare da ɗanta, kuma can nake karyawa tun da na kawo Hajiyarmu asibiti.

Irin abincinsu na safe, su idli da dosa da pongal, duk suna nan, ba laifi. Abin da ya sa ni rubutu shi ne paniyaram. Ranar da aka ajiye mini shi a kan ganyen ayaba, wallahi sai da gabana ya faɗi, domin waina ce sak! Na leƙa ciki, ga tanda mai ramuka bisa wuta, ga dattijuwar tana ɗiga mai, tana zuba ƙullu, tana juyawa da tsinke. Bayansa ya soyu ƙayau, cikinsa taushi, da 'yar tsamin nan ta ƙullun da ya kwana. Hajiya da ta daɗe ba ta iya cin komai sai ga ta tana neman ƙari. Na yi hawaye a wurin.

Na ce, "Amma, koya mini." Haka suke kiran uwa a Tamil, harshen mutanen garin. Ba ta jin Turanci sosai, amma ta ja hannuna har madafa. Shinkafa gwangwani 4, farin waken da suke kira urad gwangwani 1, sai hulba cokali guda. A jiƙa kamar awa 5, a markaɗa kowanne daban, a haɗa da gishiri, a bar shi ya kwana. Ba yis, ba kanwa, zafin garin kaɗai ke tayar da shi. Da safe ta soya 'ya'yan mastad da albasa da ɗanyen barkono da ganyen kori, ta juye a ƙullun. Duk na rubuta a littafin da nake tara girke-girke. Miyar sambar ɗinta ma na rubuta: tsamiya, wani waken daban, da sandunan zogale da ake tsotse cikinsu a yar da ɓawon. Mu ganyen muka fi ci, su kuwa sandar ce abin so.

To amma ɗan nata ya ɓata mini rai, kuma har yanzu abin yana cina. Akwai garin yajin da ake kira podi, ana kwaɓa shi da man riɗi a dangwala. Na tambayi haɗinsa, ya ƙi faɗa, wai sirrin gida ne, sai dai in saya. Na saya, ya tsawwala kuɗi don ya ga baƙuwa, na buɗe a ɗaki na ji man cikinsa ya fara wari. Na mayar, ko kallona bai yi ba. Ga kofin da yake haɗawa sukari ya yi masa katutu, ko ka ce a rage ba ya ji, alhali ya san mai ciwon suga nake kai wa.

Ku je don girkin uwar, ku je kafin ƙarfe 10 don paniyaram ba ya kai hantsi, kuma babu nama ko ƙwai a gidan sam. Amma kada ku sayi komai na leda a hannun yaron nan.