Kiwix a Ƙauye: Ta Isa a Karanta Tarihin Addinin Buddha Ba Tare da Data Ba?

Ɗalibin kwalejin ilimi ta Gumel ko na jami'ar Kafin Hausa da aka ɗora wa aiki a kan tarihin addinan duniya, in ya koma hutu ƙauyensu a yankin Ɓaɓura ko Sule Tankarkar, abu biyu ne ke tsaya masa a wuya: sabis da kuɗin data. Kiwix manhaja ce ta kyauta da aka ƙirƙira a 2007 domin irin wannan yanayi. Ana sauke rumbun Wikipedia sukutum cikin fayil guda mai suna ZIM, a ajiye a katin memori, a riƙa karantawa ko da wayar ba ta da layi. Mun auna ta da maudu'i ɗaya, wato yadda addinin Buddha ya farfaɗo a Asiya tun ƙarni na 19 har ya ƙetara zuwa Turai da Amurka. Maudu'in na da wuyar sha'ani domin a warwatse yake cikin ƙasashe da yawa, sai an yi ta tsalle daga wannan shafi zuwa wancan, kuma a nan ne raunin fayil ke fitowa fili.

Hukuncinmu a gajarce: manhajar na yin aikinta, amma yawancin wanda zai ce ba ta da amfani, fayil ɗin da bai dace ba aka tura masa.

Kowane rumbu iri uku yake zuwa, kuma sunan fayil ne ke nuna wanne ne. Mai kalmar maxi yana da rubutu da hotuna, mai nopic rubutu ne cikakke babu hoto, mai mini kuwa gabatarwar kowane shafi kaɗai ya ɗauko. Wannan na ukun shi ne tarko. Ba ya cin wuri, don haka mai tura fina-finai a rumfar caji ranar kasuwar Gujungu ko Maigatari zai fi son ya tura shi, a gama da wuri layi ya matsa. To amma a buɗe shafin Anagarika Dharmapala a cikinsa, layuka kaɗan za a gani. Shi kuwa mutumin, ɗan Siri Lanka, shi ne igiyar da ta ɗaure rabin labarin: a 1891 ya kafa ƙungiyar Maha Bodhi don ƙwato wurin ibadar Bodh Gaya a Indiya, inda mabiya suka yi imani Buddha ya samu wayewarsa, sannan a 1893 ya yi jawabi a taron addinan duniya na Chicago. A wannan taro ne kuma limamin Zen, wani reshe na addinin a Japan, Soyen Shaku, ya gabatar da nasa, ɗalibinsa D. T. Suzuki kuma ya biyo baya ya shafe shekaru a Amurka, daga bisani rubuce-rubucensa suka sa kalmar Zen ta shiga bakin Turawa. Duk wannan sarƙa a tsakiyar shafuka take, wurin da mini ya yanke.

Cikakken na Turanci mai hotuna ya haura gigabait 100, marar hoto kuma kusan rabin haka. Ga wannan darasi marar hoton ya wadatar, sai dai a rasa taswirori, kuma rashin nasu na da ciwo in ana son a nuna wa yara manyan rassan addinin: inda Theravada ta fi ƙarfi, Siri Lanka da Myanmar da Thailand da Laos da Cambodia, da inda Mahayana take, Sin da Koriya da Japan da Vietnam, da kuma reshen Tibet da Mongoliya. Malami mai taswirar Asiya a bangon aji zai cike wannan giɓi da alli.

Kafin a biya kuɗin turawa, a duba katin. Kati mai gigabait 32 zuwa ƙasa yawanci da tsarin FAT32 yake zuwa, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya wuce gigabait 4. Turawa za ta tsaya a hanya, ko kwamfuta ta ce babu wuri alhali katin wayam yake. Babban fayil sai kati mai tsarin exFAT, kuma wasu tsofaffin wayoyi ba sa ganin irinsa, don haka a fara sa katin a wayar a tabbatar ta gane shi. Kati mai rubutun 128 a jiki abin da zai nuna a waya kusan 119 ne, wannan ba cuta ba ce, bambancin lissafi ne. Cutar ita ce jabun kati, wanda ke nuna babban adadi alhali cikinsa ƙarami ne. Alamarsa: turawa za ta kammala lafiya lau, amma fayil ya ƙi buɗuwa, ko wasu shafuka su fito wasu su ƙi. Maganin shi ne a gwada a gaban mai rumfar. A buɗe shafuka biyar masu nisa da juna, misali Panadura, Ambedkar, Dalai Lama, Goenka da Bamiyan. In duk sun fito har ƙasa, a biya.

Rumbun Hausa na nan, ƙarami ne, kowace waya za ta ɗauka, kuma ya kamata a sa shi. Sai dai a kan wannan maudu'i bai kama ƙafar na Turanci ba. Wanda ya yi Islamiyya mai zurfi zai amfana da na Larabci a matsayin na biyu. Akwai kuma na sauƙaƙƙen Turanci, wanda ya dace da 'yan sakandare amma ya yi wa mai rubuta aikin kwaleji kaɗan.

Inda manhajar ta fi burgewa shi ne bin mahaɗai, domin kowane shafi nan take yake buɗewa, babu jiran sabis ya dawo. Mai farawa daga muhawarar Panadura ta 1873, inda limamin Buddha Migettuwatte Gunananda ya kara da masu wa'azin Kirista a Siri Lanka ƙarƙashin mulkin Ingila, zai faɗa kan Ba'amurke Henry Steel Olcott, wanda labarin muhawarar ya ja hankalinsa, ya iso tsibirin a 1880 tare da Helena Blavatsky suka karɓi addinin a bainar jama'a, ya kuma taimaka aka buɗe makarantun boko na mabiya Buddha. Bahaushe zai ji wannan sashe kamar ya san shi: mutane ƙarƙashin Turawan mulki suna ɗaukar makaman mishan, makaranta da injin ɗab'i da ƙungiya, suna kare addininsu da su. Daga nan sai Landan, inda T. W. Rhys Davids, tsohon ma'aikacin mulkin mallaka a tsibirin, ya kafa ƙungiyar buga nassosin Pali, harshen tsofaffin littattafan Theravada, a 1881. Duk wannan zagaye, kwabo bai fita ba.

Wani zaren da ya cancanci a bi shi a tsanake shi ne na zuzzurfan tunani. A Myanmar, bayan Ingila ta kawar da sarauta a 1885, malamai irin su Ledi Sayadaw suka fara koya wa talakawa abin da a da aka fi barin wa limamai. Daga wannan silsila S. N. Goenka ya fito, ya koma Indiya a 1969 yana koyar da zama na kwana 10. Wasu matasan Amurka da suka yi karatu a Asiya suka buɗe cibiya a garin Barre na jihar Massachusetts a tsakiyar shekarun 1970, sannan a 1979 Jon Kabat-Zinn ya tsara shiri na mako 8 a asibitin jami'ar jihar don rage damuwa, ya cire masa rigar addini. Ɗalibin da ya bi wannan zare zai gane dalilin da ya sa likitocin Yamma ke maganar tattara hankali ba tare da ambaton Buddha ba.

Amma akwai karkata da mai karatu zai kula da ita. Shafukan Turanci sun fi yalwa a kan Turawan da suka tuba, alhali baƙin haure daga Asiya ne suka fara kai addinin Amurka: 'yan ƙasar Sin sun gina wurin ibada a San Francisco tun 1853, limaman Japan suka iso birnin a 1899, dokar shige da fice ta 1965 kuma ta buɗe ƙofa ga wasu da yawa. Haka nan abin da ya faru a Nagpur ranar 14 ga Oktoba 1956, lokacin da B. R. Ambedkar, jagoran rubuta kundin tsarin mulkin Indiya, ya shiga addinin tare da dubban ɗaruruwan 'yan Dalit, waɗanda ake ɗauka a matsayin mafi ƙasƙancin aji a Indiya, don tsere wa tsarin ajin haihuwa, ya fi duk tubar Turawan zamanin yawa a rana guda. Sai an nemi waɗannan da suna. Haka ɓangaren da ba shi da daɗi: rusa gidajen ibada a Mongoliya a 1937, gudun Dalai Lama, jagoran addinin a Tibet, zuwa Indiya a 1959, ɓarnar gwamnatin Khmer Rouge a Cambodia daga 1975 zuwa 1979, da kuma, ta ɗaya gefen, rawar da limamai masu tsattsauran ra'ayi irin su Wirathu suka taka wajen hura wutar ƙiyayya ga Musulmin Myanmar kafin korar 'yan Rohingya a 2017. Duk suna ciki, amma kowanne a shafinsa.

Ƙarshen sunan fayil na ɗauke da shekara da wata, kuma abin da ke ciki a nan ya tsaya cak. Wannan na da tasiri a kan alƙaluma. Cibiyar bincike ta Pew ta taɓa ƙiyasta mabiya addinin da miliyan 488 a 2010, amma a rahotonta na 2025, bayan ta sauya yadda take ƙirga mutanen Sin, ta ce miliyan 324 ne a 2020. Tsohon fayil zai ba da na farko kawai. Duk wanda zai sa adadi a takardarsa ya rubuta shekarar ƙiyasin a gefensa.

Mahaɗan da ke kai wa ga jaridu da littattafai na waje ba sa buɗuwa sai da data, saboda haka a kwafe sunayensu a littafi, a neme su in an koma makaranta. Wajen bincike kuma, sunayen Vietnam da na Pali cike suke da ɗigogi da alamomi. A rubuta harafin farko-farko kawai, kamar Thich, a zaɓa daga jerin da zai sauko.

Ga makarantar da ke da kati ɗaya tak, manhajar Android tana iya mayar da waya guda uwar ɗakin karatu. A kunna hotspot ɗin wayar, a zaɓi rumbun a cikin Kiwix a ce ta raba, za ta nuna adireshi na lambobi mai ƙarewa da 8080. Sauran wayoyi su haɗu da ita, su rubuta adireshin a burauza, ba sai sun sauke komai ba. Wayar uwar na shan caji sosai kuma tana ɗaukar zafi, musamman a bazara, don haka a cire mata riga, a ajiye ta a inuwa jone da batirin sola, kuma a hana mai ita tafiya da ita bayan aji, domin da ya yi nisa kaɗan duk sauran za su yanke.