Injin fatsa na teku a Yamai: wanne za ka saya, da me za ka wanke shi?

Wanda ya saba ratsa wajen masu kayan gwanjo a kasuwar Katako ta Yamai ya san yadda abin yake. A cikin tarin tsofaffin kayan Turai da suka sauka a tashar Lome ko ta Kwatano, tsakanin fankar da ba ta juyi da tulin gas, sai ka tsinci injin naɗe zaren fatsa, wanda 'yan boko ke ce wa muline. Wasu ƙanana ne na wasa. Wasu kuwa manya ne masu nauyi, an ƙera su don kifin teku, sun sha ruwan gishiri shekara da shekaru kafin su iso ƙasar da ba ta da teku. Mai sayarwa sau da yawa bai san darajarsu ba, mai saye ma bai san cutar da ke ciki ba.

Za a ce me mutumin Yamai zai yi da injin teku? Giwan ruwa ce amsar. Kifi ne da kan haura kilo 100 idan ya samu shekaru, kuma ko matsakaiciya ta ja ƙaramin inji sai haƙoransa sun zube. Haka ramboshi. Masunta na gado suna da tarunsu da mamarinsu, ba su nake wa magana ba. Ina magana da mai fita da sandar fatsa ranar hutu zuwa Bubon ko Say a bakin kogin Neja, da kuma matafiyin da ke kai wa bakin teku a Lome yana son jefa ƙugiya.

Iri uku ake yawan gamuwa da su, kuma ba ɗaya suke ba wajen gyara.

Na farko shi ne tsohon yayi mai birkin tauraro, wato wani ƙarfe mai yatsu a gindin hannun da ake murzawa a ɗaure ko a sassauta birkin da ke riƙe zare idan kifi ya ja. Sarkinsu shi ne Penn Senator. Kamfanin Penn, wani Bajamushe mai suna Otto Henze ne ya kafa shi a Filadelfiya ta Amurka a 1932, Senator kuma ya fito a 1936, har yau ana ƙera shi da kusan siffarsa ta asali. Girmansa na tafiya da lamba: 4/0, 6/0, 9/0, har zuwa 16/0 da ake kamun manyan kifayen teku da shi daga kan jirgi. Don kogin nan namu, 4/0 mai lamba 113H ko 6/0 mai lamba 114H ya isa ya yi yawa. Abin da ya sa nake fifita shi ba kyau ba ne, don ba shi da wani ado. Cikinsa ne babu rufa-rufa. Babbar giya mai haƙora ɗaya, ƙarama ɗaya, 'yan faifan birki a jere, sai wani ɗan ƙarfe da ke hana hannu komawa baya, da sifirin ɗinsa. Da sukurudireba mai baki ɗaya da ƙaramin sifana za ka warware shi a kan tabarma, ka mayar kafin la'asar. Kuma saboda an sayar da shi da yawan gaske a duniya, idan wani abu ya lalace, ɗan'uwa da ke Faransa ko Amurka zai samo maka shi cikin sauƙi, ko kuwa ka sayi matacce na biyu ka riƙa cire masa kaya.

Yana da aibinsa. Ba ya shirya zare da kansa, da babban yatsa kake bi kana jera shi. Jifa da shi daga gaɓa sai wanda ya ƙware, in ba haka ba zare ya cukurkuɗe. Aikinsa daga cikin jirgi ne, a saki koto ruwa ya tafi da shi. Kafin ka biya, duba murafan gefe biyu da kyau a hasken rana, domin suna tsagewa a wajen kusoshi. Ka juya kwarkwaron da zare ke hawa: idan yana gogar gefe, wataƙila zaren roba da aka naɗa da ƙarfi ya buɗa shi, kuma wannan ba ya gyaruwa sai canji. Kore-koren da ke fitowa a kan ƙarfen kuwa kada ya tsorata ka, tagulla ce a ƙarƙashin farin rufi, tana wankuwa.

Na biyu shi ne mai birkin lifa, wato ɗan hannu a gefe da ake turawa gaba a ɗaure ko baya a sassauta, irin su Penn International mai ruwan zinariya da ya fara fitowa a 1966, da Shimano Tiagra, da Shimano TLD. Nan ne ido ke ruɗin mutum. Birkinsu ya fi santsi da ƙarfi nesa ba kusa ba, wasu ma suna da gudu biyu kamar giyar mota. Amma gangar jikin masu zinariyar nan alminiyam ce, kusoshinsu kuma ƙarfe ne mara tsatsa, kuma idan ruwan gishiri ya shiga tsakanin ƙarfe iri biyu sai ya riƙa cin alminiyam ɗin, ya bar wani farin gari da ke liƙe kusa kamar an yi mata walda. Na taɓa sayen ɗaya a hannun wani ɗan gwanjo, daga waje kamar ba a taɓa shi ba. Da na zo buɗewa, kusoshi biyu suka karye a cikin raminsu, kuma har yau yana cikin akwati. Tun daga ranar, ba na sayen irin wannan sai an bar ni na gwada kwance kusa uku ko huɗu a gaban mai kaya. In ya ƙi, na bar masa. Shi TLD jikinsa na baƙar roba mai ƙarfi ne, gishiri ba ya cinsa, ya fi sauƙin kuɗi, sai dai ka nemi tsaga a wajen ƙafar da ke zama kan sanda. Dukansu suna da boris da dama, kuma boris ɗin da gishiri ya ci sai sabo. Ka saki lifa gaba ɗaya ka kaɗa kwarkwaro da yatsa: mai lafiya zai yi ta juyi shiru, mara lafiya zai yi gurnani ya tsaya.

Na uku shi ne mai rataye a ƙarƙashin sanda, mai zoben waya da ake buɗewa a yi jifa. Ga mai tsayawa a gaɓa, wannan ne ya dace. Tsofaffin Penn Spinfisher masu jikin ƙarfe, kamar 750SS da 850SS, suna da sauƙin gyara kusan kamar Senator. Na zamani masu tsada irin su Shimano Stella da Daiwa Saltiga ba su da na biyu suna sababbi, amma ban ba kowa shawarar sayen gwanjonsu a nan ba. Ƙananan kayan cikinsu sun yi yawa, kuma wasu na Daiwa an toshe su da wani mai na maganaɗisu wanda idan ka wanke shi ba ka da inda za ka samo madadinsa a Yamai. Idan kuɗinka ya kai, sabon Daiwa BG ya fi maka tsohon Saltiga da ba ka san tarihinsa ba.

To ka saya. Da me za a wanke?

A nan ma zaɓi ne, kuma a nan aka fi yin ɓarna. Fetur yana narkar da tsohon giris nan take, amma yana cinye roba da zoben toshiya, ga haɗarin wuta, don haka a bar shi. Kananzir ya fi, ga giyoyi da kayan ƙarfe zalla, da tsohon burushin haƙori. Murafai da kayan roba, ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanoni ya ishe su. Kore-koren tagulla kuwa, ruwan khal da aka raba biyu da ruwa yana cire shi cikin kamar rabin awa, lemun tsami ma yana yi, irin dabarar da iyayenmu mata ke goge tasa da ita. Amma kada alminiyam ya kwana a ciki, kuma a ɗauraye sosai a shanya. WD-40 na da amfani wajen sassauta kusa da ta ƙi motsi, sai dai ba man shafawa ba ne, kuma idan ya taɓa faifan birki ya ɓata su.

Giris kuma kashi biyu ne, kada a gauraya. Na giya da ramin kusoshi, nemi girisin ruwa, irin wanda masu injin jirgi na Yamaha ke amfani da shi. Na mota ma zai yi in babu, amma a shafa kaɗan. A ƙurar hunturu, giris mai yawa tarkon yashi ne. Na birki daban yake: faifan kabon, irin HT-100 na Penn, ana shafa musu giris na musamman kamar Cal's, ƙanƙani ƙwarai, a goge saura. In ba ka da shi, gara ka mayar da su busassu masu tsabta da ka sa musu na mota. Boris kuwa ɗigo ɗaya na man keken ɗinki.

Wa zai yi aikin? Ni na fi son mai shi ya koya, yana ɗaukar hoto da waya a kowane mataki, musamman jerin faifan birki da 'yan washa masu kumburi na mai lifa, waɗanda in aka kifa ɗaya birki ya tafi. Buɗe shi a kan farin zane cikin ɗaki, domin sifirin ɗin nan na Senator in ya yi tsalle a tsakar gida, shi ke nan. In ba za ka iya ba, kai wa mai gyaran keken ɗinki ko agogo, su ne hannunsu ya saba da ƙananan kaya. Makaniken babur da guduma ya saba.

Bayan kowace fita, goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, in teku ka je ka zuba masa ruwa a hankali birki na ɗaure, ba da feshi mai ƙarfi ba. In ya bushe ka sassauta birkin gaba ɗaya, ka naɗe shi a zane, ka ajiye a inuwa. Kada ka bar shi cikin mota a ranar watan Afrilu, giris zai narke ya gangaro kan faifai.