Bakin Tsofaffi ko Takardu: Wanne Zai Nuna Maka Asalin Kakanka?

Wani ɗan'uwa daga Sakkwato ya yi tambaya: yana son sanin shekarar haihuwa da ta rasuwar kakan mahaifinsa, da sunan wanda ya haife shi. Ya bi tsofaffi ne ko ya nemi takardu?

Malam, kowanne da inda ƙarfinsa yake. Kan wa ya haifi wa, tsofaffi sun fi, musamman gwaggwanni, don su ke riƙe da lissafin aure da na ɗakuna. Matsalarsu alkunya: tsohuwa ba za ta kama sunan mijinta ko ɗan farinta ba, sai laƙabi. Ga kuma riƙo, inda ake jingina yaro ga kawun da ya rene shi. Sunan Muhammadu ko Abubakar kan maimaitu a gida ɗaya har kaka da jika su zama mutum guda a baki. Don haka ka tambayi mutum uku daban-daban, ka rubuta sunan yanka da laƙabi tare.

Shekara kuwa ba su faɗinta da lamba, sai da abin da ya faru. Zuwan Nasara Sakkwato 1903 ne, yaƙin Satiru 1906, naɗin Sarkin Musulmi Hassan 1931, na Abubakar III 1938.

Takarda ta fi ƙarfi kan rasuwa. Rajistar rabon gado ta kotun alƙali kan kawo sunan mamaci da magadansa. Malamai ma kan rubuta haihuwa da rasuwa da ajami ko Larabci a bangon littattafansu, da shekarar Hijira. Don mayar da ita shekarar Miladiyya, ka ninka ta da 0.97, ka ƙara 622: 1357 ta faɗa 1938, amma kuskuren shekara ɗaya na iya shiga.

Fayilolin Lardin Sakkwato, wato Sokprof, suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna, amma sun fi magana kan hakimai da haraji. Talaka da mace ba safai suke fitowa ba. Idan gidan sarauta ko na malamai ne, fara da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Kada ka sa rai da takardar haihuwa, don dokar da ake aiki da ita yanzu kan rajistar haihuwa da mutuwa ta 1992 ce.

Ka fara da tsofaffi, a wannan makon in da hali, don sai da cikakken suna da sunan unguwa ma'aikacin kotu zai iya duba maka rajista.