Ɗinke cikin da hanji ya fashe: wane kaya ya cancanci kuɗi?

A Gombe, daga Asibitin Koyarwa na Tarayya har zuwa asibitocin Kaltungo da Bajoga, likitan tiyata bai rabuwa da hanjin da taifod ya huda ko afendis da ya fashe. Irin wannan ciki, kafin wuƙa ta taɓa shi ma ya riga ya cika da mugunya ko bahaya. To, mai sayen kayan ɗakin tiyata, ina ya kamata kuɗinsa su tafi?

A fara da zare, domin nan aka fi tafka kuskure. Zare iri biyu ne: mai sili ɗaya, kamar PDS da nailan da Prolene, da kuma saƙaƙƙe, kamar Vicryl da siliki. Saƙaƙƙen yana da daɗin ƙulli, amma tsakanin silinsa ƙwayoyin cuta ke samun mafaka. Wajen ɗinke farin tantanin nan mai ƙarfi da ke riƙe bangon ciki, PDS ne kan gaba: yana riƙe ƙarfinsa kusan mako shida, sannan ya narke a hankali cikin wata shida. Vicryl kuwa rabin ƙarfinsa ya tafi a mako na uku, alhali tantanin bai gama kamawa ba. Nailan lamba 1 ya fi araha kuma yana aiki, illarsa ita ce ba ya narkewa, ƙullinsa kan bar wata 'yar kafa tana tsatsafo da ruwa har sai an ciro shi. Katgot, zaren da ake yi da hanjin dabba, bai da gurbi a nan ko kaɗan.

A lissafa tsawo kafin saye. Zaren ya ninka tsawon yankan sau huɗu, wato yankan santimita 20 na cin santimita 80. Idan aka yi ƙoron zare aka ɗaure tamau, nama ya rasa jini, a rana ta biyar zuwa ta goma sai a ga ruwa ja-ja ya jiƙa bandeji, alamar ɗinkin zai ɓalle ke nan.

Zare mai maganin kashe ƙwayoyin cuta na triclosan, irin su PDS Plus fa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2016, sai dai gwajin FALCON na 2021, wanda aka yi a ƙasashe bakwai har da Najeriya, bai ga ya rage ruɓar ciwo ba. Haka nan bai ga sinadarin kilohezidin ya fi aidin mai araha wajen wanke fata ba. In kuɗi sun yi ƙaranci, a bar su.

Abin da ya biya kuɗinsa ɗan ƙarami ne. Gwajin ChEETAh na 2022 ya nuna cewa sauya safar hannu ga kowa da ɗauko sababbin kayan aiki dab da rufe ciki ya sauko da ruɓar ciwo daga kashi 18.9 zuwa 16 cikin ɗari. Saboda haka a sayi safa ninki biyu, a ware ƙaramin faranti mai almakashi da hantsaki da mariƙin allura, a dafa shi daban, kada a buɗe shi sai an gama da hanji.

Fata kuma, idan mugunya ta yi yawa, akwai zaɓin barin ta buɗe: a cusa goz mai ruwan gishiri, a sauya kullum, a ɗinke a rana ta uku zuwa ta biyar in naman ya yi ja, babu ɗoyi. Goz da ruwan gishiri da 'yar allurar kashe zafi kawai yake ci, sai haƙurin majinyaci. Na'urar tsotse ruwan ciwo tana da amfani, amma sosonta na da tsada, ana sauya shi duk kwana biyu ko uku, kuma in wuta ta ɗauke batiri ya mutu, ciwon ya zauna cikin ruwansa.

A duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Ledar zare mai narkewa da ta huje ko ta sha zafin shago a watan Afrilu, a mayar wa mai ita.