Sensar narkar da ƙanƙara a ɗakin sanyi: me za ka duba kafin ka biya?

Cikin damina wani Alhaji mai sayar da daskararrun kaji da kifi a Agege ya kira ni, ya ce ɗakin sanyinsa ya daina riƙe kaya, kwamfuresa kuwa tana ta aiki ba hutu. Da na shiga na ɗaga kai, kwayil ɗin da ke bayan fankoki, wato bututun da ke sanyaya iskar ɗakin, ya zama curin ƙanƙara guda, iska ba ta da wurin wucewa. Har ya fara cinikin sabuwar kwamfuresa. Na ce, "Alhaji, a dakata tukuna. Ciwon yana jikin wata 'yar waya da kuɗinta bai kai na katan ɗaya na kifi ba."

Iskar Legas jiƙe take. Duk lokacin da yaro ya buɗe ƙofa, laima ta shiga ta daskare a jikin kwayil. Shi ya sa ake sa hita a cikinsa, ta riƙa narkar da ƙanƙarar lokaci-lokaci. A Kanada da arewacin Turai irin wannan dabara ake yi wa dusar ƙanƙara: a binne wayar ɗumama a ƙarƙashin hanyar shiga gida, sensa mai jin sanyi da laima ta gaya wa kwantirola lokacin kunnawa da kashewa. Mu tamu ƙanƙarar a cikin ɗaki take, amma tambayar ɗaya ce: wa zai ce wa hita ta isa haka?

Mafi arha shi ne taima, mai juyawa kamar agogo. Takan kunna hita na wasu mintoci ko akwai ƙanƙara ko babu. In mintocin sun yi kaɗan, saura ya taru har ya toshe kwayil. In sun yi yawa, ka ƙona man janareta kana ɗumama ɗakin da ka biya kuɗi ka sanyaya. Kwantirola mai sensa ɗaya, wadda ke jin sanyin ɗaki kawai, ita ma da lokaci take narkarwa, don haka ga ɗakin daskarewa mai digiri 18 ƙasa da sifili ban ba kowa shawarar ta ba. A nemi mai sensa biyu: ɗaya ta ɗaki, ɗaya a soke cikin kwayil. Dixell XR60CX, Eliwell IDPlus 974 da Danfoss ERC 213 duk suna karɓar ta biyun, haka wasu na Carel da Elitech. Saitin da Dixell da Eliwell suka saba zuwa da shi shi ne narkarwa duk awa 6, a tsaya idan kwayil ya kai digiri 8, in kuma bai kai ba a yanke a minti 30.

Inda mutane suka fi faɗawa rami shi ne nau'in sensar. A teburin mai shago a Alaba duk kamarsu ɗaya, baƙar waya da ɗan kai, amma cikinsu ya sha bamban. NTC, wadda ta fi yawa a kasuwa, tana ba da kilo-om 10 (om shi ne ma'aunin yadda abu ke tare wuta, kilo-om kuwa om dubu ne) a digiri 25, kuma lambar hawa take yi idan sanyi ya ƙaru. PTC tana ba da om 990 a digiri 25, ita kuma sauka take yi da sanyi. Pt1000 om 1000 ce a sifili, tana motsawa da kusan om 3.85 a kowane digiri. Ka sa PTC inda kwantirola ke jiran NTC, nan take za ta nuna alamar matsala: P1 ko P2 a Dixell, E1 ko E2 a Eliwell, E0 ko E1 a Carel. Wannan da sauƙi, tunda ta faɗa maka. Sai ka shiga saiti ka canza nau'in, wato PbC a XR60CX, H00 a Eliwell.

Wadda ke ba ni tsoro ita ce wadda ba ta kuka. NTC mai kilo-om 10 ba iri ɗaya ba ce. Wadda Dixell, Carel da Eliwell ke amfani da ita mai lambar beta 3435 ce (beta ita ce lambar da ke nuna yadda karatunta ke canzawa da zafi), a sifili tana ba da kusan kilo-om 27. Akwai wata mai beta 3950 da ta cika kasuwa, ita a sifili tana haura 32. A zafin shago duka biyun kusan lamba ɗaya za su nuna maka, mai kaya ya rantse iri ɗaya ne, kuma shi ma bai san ba haka ba ne. Sai an kai ɗaki: a sifili kwantirola za ta ga kamar an fi haka sanyi da wajen digiri 4, kuma tazarar ƙaruwa take yi in aka yi ƙasa. Fuskar kwantirola tana nuna maka 18 ƙasa da sifili, alhali kifinka yana zaune a wajen 12. Danfoss kuma tana da wata NTC mai om 5000, wadda ba ta shiga gurbin ko ɗaya cikin biyun.

Gwajin ba shi da tsada. Ka tafi kasuwa da mita mai auna om, ka sa ƙanƙara da ɗan ruwa a kofi, ka tsoma kan sensar na minti biyu ko uku, ka karanta: mai beta 3435 kusan kilo-om 27 za ta nuna. Mai shagon da ya hana ka wannan gwaji, ka yi masa sallama.

Sai jikinta. Ta kwayil kullum cikin daskarewa da narkewa take, ruwa kuwa yana bin duk wata kafa. Mai bututun ƙarfe da aka matse bakinsa kawai ba ta daɗewa a nan. Ta Alhaji irinta ce, ruwa ya shiga ta fara karanta zafin da babu shi, hita tana mutuwa tun kafin ta fara aiki. Na fi yarda da wadda aka zuba wa roba ta haɗe da wayar, mai shaidar hana ruwa shiga ta IP67 ko IP68. Ka sayi tsawon da zai kai har allo, ko da ya ɗan fi kuɗi, domin kowane haɗi a cikin ɗaki ƙofa ce ga laima. In dole sai an ƙara, a yi haɗin a waje, a like da dalma, a rufe da robar nan mai tsukewa in ta ji zafi. Murɗawa da salatif ba aiki ba ne.

Tsawon waya bai cika damun NTC ba. Wayar tagulla mai kaurin 0.5 mm² da ta yi mita 20, zuwa da dawowa, tana ƙara kusan om 1.4. A NTC ba za ka ma gani ba, a Pt1000 bai kai rabin digiri ba, amma a Pt100, wato mai om 100 a sifili, in mai waya biyu ce ya haura digiri 3. Abin da ke damun ta shi ne maƙwabtaka: kada ta bi bututu ɗaya da wayar kwamfuresa ko ta hita, lambobi za su riƙa rawa. In tafiyar da nisa, a sa waya mai garkuwa, a kai garkuwar ƙasa ta gefe ɗaya kawai. Bakuna biyu na wayar sensa ba su da gaba da baya, amma gurbin ta ɗaki da na ta kwayil ba a musanya su, kuma wutar 230 in ta taɓa gurbin sensa, kwantirolar ta tafi. Hita ma kada a rataya ta kai tsaye a kan ɗan rile, wato ƙaramin makunnin da ke cikin kwantirola. A bi da ita ta kwantakta, wato babban makunni mai ɗaukar wuta mai yawa.

A soke sensar kwayil tsakanin faifan alminiyon, inda ƙanƙara ke daɗewa ba ta narke ba, nesa da hita, kanta yana kallon sama don ruwa ya gangara ya bar ta. Saura abu ɗaya da ya shafe mu nan musamman: kwantiroloci masu sauƙin kuɗi da yawa suna sake ƙidayar awa 6 ɗin daga farko duk lokacin da aka ɗauke wuta. Inda ake yawan sauyawa tsakanin NEPA da janareta, sai a wuni ba a narkar ba. Ka tambaya ko tana da saitin narkarwa da zarar wuta ta dawo, wanda Dixell da Eliwell ke kira dPO, ko kuma ka ƙara kuɗi ka ɗauki mai agogo a ciki.