Maɗaurin tankin man ɗumama gida ya tsinke: wanne za ka saya?

A arewa maso gabashin Amurka da gabashin Kanada gidaje da dama da mai suke ɗumama ɗaki lokacin sanyi, kuma tankin da aka fi samu a wajen gida a Amurka shi ne na ƙarfe mai galan 275, kusan lita 1,040. In maɗaurin da ke riƙe shi a ƙasa ya tsinke, ka duba inda ya tsinke tukuna kafin ka nufi shago. Yawanci tsatsa ce, daidai wurin da ruwa ke kwanciya tsakanin maɗauri da jikin tanki. In ta ci jikin tankin ma, ko ka ga jiƙewar mai a gindinsa, sabon tanki kake nema.

Ambaliya ce babbar barazana, ta fi iska. Tanki marar mai bai fi kilo 130 ba, amma in ruwa ya shanye shi, ƙarfin da ke tunkuɗa shi sama ya haura tan ɗaya. Da ya motsa, siririn bututun tagulla mai kai mai cikin gida ya karye, mai ya malale a ƙasa. An ga haka lokacin guguwar Sandy a 2012.

Bel ɗin ɗaure kaya irin na masu tirela shi ya fi araha, amma na 'yan makonni ne. Rana tana cin zarensa, ƙarfen tamkewarsa kuma ya yi tsatsa.

Maɗaurin ƙarfe mai rufin zinki ya wadatar wa yawancin gidaje. Sayi biyu, ko da ɗaya ne ya tsinke, domin tare suka tsufa. A bakin teku, inda gishiri ke cikin iska, ƙara kuɗi ka ɗauki ƙarfen da ba ya tsatsa. Ko wanne ne, a shimfiɗa roba ƙarƙashinsa don kada ya goge fenti. Tankin kamfanin Roth mai bango biyu yana da nasa kayan ɗauri, kada a yi masa dabara.

Abin da ake ɗaure tankin a kansa shi ne inda aka fi yin kuskure. Daɓen kankare mai tsawon mita 2, faɗin mita 1, kaurin santimita 10, nauyinsa kilo 480 ne, a cikin ruwa kuma ya koma kusan 280. Tankin zai iya ɗaga shi gaba ɗaya. A wurin da ruwa ke ci, ko a zuba daɓe mai kauri sosai, ko a ƙara turaku huɗu na ƙarfe masu zare, waɗanda ake murɗawa cikin ƙasa, biyu a kowane gefe.

Rufe famfon gindin tanki kafin a fara aiki. Kada a huda jikinsa, kada a yi masa walda. A Amurka ƙa'idar NFPA 31, ta girka kayan da ke ƙona mai, ce ke tafiyar da wannan aiki, garuruwa da yawa kuma sai mai lasisi ke taɓa bututun mai, don haka tambayi kamfanin da ke kawo maka mai kafin ka biya kuɗin kaya.